Nawa Aka Sayi Na Maƙwabcinka?

Na san halinku, mutanen Potiskum. Da an ce za a yi zancen farin ciki, sai a rabu gida uku. Na farko ya taɓe baki ya ce, "Malam, bar dogon turanci, turo min alat ka ga fara'a ƙiri-ƙiri." Na biyu ya daki ƙirji ya ce ai mu 'yan Nijeriya mun fi kowa walwala a duniya, har Turawa sun shaida. Na uku, mai sanyin murya da carbi a hannu, ya ce duniya ba gidan daɗi ba ce, a yi haƙuri kawai, za a saba. To, duk ku gyara zama. Yau babu wanda zai tashi ba a taɓa shi ba.

Alhaji mai jiran alat, da kai zan fara, kuma zan ba ka rabin gaskiyarka tun kafin ka tada jijiyar wuya. A 2010 Daniel Kahneman da Angus Deaton, waɗanda kowannensu ya ci kyautar Nobel, suka duba amsoshin Amurkawa sama da 450,000, suka ce jin daɗin yau da kullum yana ƙaruwa da kuɗi har zuwa kimanin dala 75,000 a shekara, daga nan ya tsaya cak. A 2021 wani mai suna Matthew Killingsworth ya ce atafau bai tsaya ba. Da gardama ta yi tsawo sai aka sa Barbara Mellers ta shiga tsakani, a 2023 suka fito da matsaya ɗaya: ga yawancin mutane daɗin yana ci gaba da hawa, amma akwai wani kaso na masu baƙin ciki mai nauyi da kuɗi ke kai su wani mataki ya kasa wucewa. Sai dai ka lura da yadda hawan yake. Ninki yake bi. Abin da ƙarin naira 50,000 zai yi wa mai samun 50,000 a wata, sai an ƙara wa mai miliyan 5 wata miliyan 5 kafin ya ji irinsa. A Kenya ma, binciken Johannes Haushofer da Jeremy Shapiro na 2016 ya nuna talakawan da aka ba kuɗi a hannu damuwarsu ta ragu. Saboda haka duk wanda ya ce wa magidancin da ke lissafin mudun gero tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 wai kuɗi ba komai ba ne, a leƙa aljihunsa. Za a tarar ya ƙoshi.

Ka ji daɗi ko? To, biyo ni kara ranar Laraba.

Ga wani bawan Allah ya shekara yana ɗawainiya da bijiminsa, dusa, harawa, kanwa, ba abin da bai zuba ba. Mai saye ya zagaya shi, ya daki tozo, ya buɗe baki ya duba haƙora, ya ja baya yana girgiza kai kamar an nuna masa akuya. Dillali ya ja wannan gefe ya yi raɗa, ya ja wancan ya yi raɗa. "Albarka." A ƙara. "Albarka." A ƙara kuma. Can dai mai sa ya ce, "Na sallama." Kuɗin sun ɗara abin da ya ƙiyasta tun daga gida. Ya biya la'ada da murmushi, ya sayi tsire, ya yi wa maiɗaki tsarabar atamfa a zuciyarsa. Yana bakin fita sai ya ci karo da maƙwabcinsa, wanda sansa bai kai nasa ƙiba ba, ya tambaye shi nawa aka saya. Da ya ji an ɗara nasa da naira 30,000, sai tsiren nan ya koma masa magani. Kuɗinsa suna nan cif a aljihu, ko kwabo bai faɗi ba. Me aka sace masa?

Masana tattalin arziki sun daɗe suna bin sawun ɓarawon nan. A 1974 Richard Easterlin ya lura cewa a cikin ƙasa ɗaya mai kuɗi ya fi talaka cewa yana jin daɗi, amma Amurka ta yi shekaru arzikinta yana bunƙasa ba tare da jin daɗin jama'arta ya bi shi ba. A 2005 Erzo Luttmer ya nuna cewa idan samunka bai canja ba amma na maƙwabta ya ƙaru, gamsuwarka raguwa take yi. Wato alat ɗin da kake jira zai yi maka aiki ne muddin ba a tura wa na kusa da kai ninkinsa ba. Hajiya, kada ki yi dariya. Leshin da kika sa ranar biki ya yi miki kyau har madubi ya shaida, sai da kishiyar ƙawarki ta shigo da nata.

Ɓarawo na biyu shi ne sabo. A garin da tirela ta zama sana'ar gado, kowa ya san labarin. Yaron mota yana kwana a ƙarƙashin bodi yana cewa in Allah ya ba shi sitiyari, ya gama roƙo. Ya zama direba, ya yi ta kai shanu Kudu, sai ya ce in dai ya mallaki tasa ta kansa, shi ke nan. Ya mallaka. Yanzu ba ya barci, yana bin direbansa da waya tsakar dare, yana kuma ƙirga motocin wani Alhaji. A 1978 Philip Brickman da abokan aikinsa suka tambayi mutum 22 da suka ci cacar maƙudan kuɗi a jihar Illinois. Ba su fi sauran jama'a farin ciki da wani abin kirki ba, kuma ƙananan abubuwa irin su karin kumallo da hira da aboki sun rage yi musu armashi. Mutum 22 ba su da yawa, na yarda. Amma ka tuna ranar da ka sayi wayar da ke hannunka, yadda kake goge ta da bakin riga. Yau ina ka wurgar da ita kafin ka kwanta?

Na hango Malam mai carbi yana gyaɗa kai, wai an zo wurinsa: tunda ana sabawa da daɗi, ana sabawa da wuya. Allah gafarta Malam, a nan ma rabi ne. Richard Lucas da abokansa sun bi rayuwar dubban Jamusawa shekara da shekaru, suka ga ɗokin aure yakan lafa bayan 'yan shekaru, amma tabon rashin aiki ba ya gogewa duka, ko bayan mutum ya samu wani aikin. Saboda haka matashin da ya gama Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke garin nan yana zaune a bakin titi ba ya buƙatar a ce masa zai saba. Aiki yake buƙata. Haƙuri maganin zaman duniya ne, babu musu, amma mai haƙuri ma da wuta yake dafa dutsen.

A nan zan ajiye wasa kaɗan. Garin nan ya ga harin da aka kai kara a watan Mayun 2012, ya ga dokar ta-ɓaci da katse layukan waya a 2013, ya ga bam a taron ɗaliban makarantar kimiyya da fasaha a watan Nuwamban 2014. Akwai gidajen da har gobe ba su saba ba, kuma bai kamata a nemi su saba ba. Mu sauran kuwa, a lokacin da a ce an tambaye mu mene ne farin ciki, da mun ce yaro ya je makaranta ya dawo, a yi isha'i a masallaci, a zauna hira a waje. Allah ya ba mu wannan, mun karɓa, mun manta. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ƙara mana zaman lafiya.

Yanzu kai mai dukan ƙirji. Gaskiya ne, a 2003 mujallar New Scientist ta buga sakamakon wani bincike na ƙasashe sama da 60, Nijeriya ta zo kan gaba wajen masu cewa suna cikin farin ciki sosai. Shekara 20 da ɗoriya ke nan muna cin ribar labarin. Amma rahoton farin ciki na duniya da ake fitarwa tun 2012 ya canja tambayar. Ana cewa mutum ya ɗauki rayuwarsa a matsayin tsani mai mataki daga 0 zuwa 10, ya faɗi inda yake tsaye. A wannan ma'aunin Finland ce ke zuwa ta ɗaya tun 2018, ƙasar da rana ke yi wa rowa a lokacin sanyi, mu kuwa muna can wajen na 100. Ni ban yi mamaki ba. Ka je dubiya asibiti ka tarar da mutum da ƙarin ruwa a hannu, ka ce ya jiki, zai ce da sauƙi. Ka ce ya gida, ya ce lafiya lau, alhali rufin ɗakinsa iska ta kwashe. Wannan ladabi ne da godiyar Allah, kuma abin yabo ne, amma kada gwamnati ta ɗauke shi a matsayin rasit. A 2017 gwamnan Imo na lokacin, Rochas Okorocha, har kwamishinar farin ciki ya naɗa, kuma 'yar'uwarsa ya ba. Aƙalla gida ɗaya ya amfana da ma'aikatar.

Wani zai ce duk wannan zancen Nasara ne. To, Imamu Gazali fa, wanda ake jan littattafansa a zaurukanmu? Yana kan kujerar koyarwa mafi daraja a Bagadaza, a makarantar Nizamiyya, ga suna ga albashi ga fada, a 1095 ya tattara ya bar ta saboda zuciyarsa ta ƙi natsuwa. Daga baya ya rubuta littafi sukutum da Farisanci kan sa'ada, inda ya ɗora ta kan mutum ya san kansa, ya san Ubangijinsa, ya hore wa ransa. Kafin shi Alfarabi ya yi nasa. Su kuma sun san Aristotle na Girka, wanda ya ce farin ciki aiki ne da mutum ke yi da halin kirki tsawon rayuwarsa, har ya ƙara da cewa da wuya ya cika in babu abokai da ɗan abin hannu. Epicurus, da ake yi wa ƙazafin son holewa, burodi da ruwa da hirar abokai a lambunsa ya ɗauka daular duniya. Da a Potiskum yake, da teburin mai shayi ya ishe shi.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne binciken jami'ar Harvard. Tun 1938 suke bin rayuwar maza 724, wasu ɗalibai, wasu 'ya'yan talakawan Boston, ana auna jininsu, ana tambayarsu aure da aiki, har aka koma kan 'ya'yansu. Bayan shekara sama da 80, shugaban binciken Robert Waldinger ya ce abin da ya fi nuna wanda zai tsufa da lafiya da walwala shi ne kyan dangantakarsa da mutane. Da sun biya ta nan, kowace tsohuwa za ta gaya musu mutum rahama ne, ta ɗora musu da goro.

Kada ku yi saurin tafi, domin tsohuwar ta kuma ce zumunta a ƙafa take. Yaushe rabonka da gidan gwaggonka? Ka tura hoton furanni ranar Juma'a a WhatsApp ka ce ka sada zumunci. Dangin nan da suke maganin kaɗaici, su ne kuma muka mayar filin gasa: anko, gara, lefe, girman ragon layya. Mutane ɗaya ne, abin da ka je yi wurinsu ne ya bambanta. In ka je aunawa, ka dawo da ciwon kai. In ka je da abu a hannu, labari ya canja. A 2008 Elizabeth Dunn da abokanta suka raba wa mutane dala 5 ko 20, wasu aka ce su kashe wa kansu, wasu su kashe wa wani. Da yamma waɗanda suka bayar sun fi walwala, kuma yawan kuɗin bai sa bambanci ba.

Ga tawa fatawar, ta mai rubutu ba ta malami ba. Nemi kuɗi da gaske, domin yunwa da bashi ba sa barin zuciya ta zauna. In ka samu, rage tambayar nawa wane ya samu. Sannan ka zama mutumin da in an kwana biyu ba a gan shi a sahu ko a majalisa ba, wani zai tako ya buga ƙofa. Wannan ba a saye, ba a gado, sai ka riga ka buga ta wani.

Na san da yawanku ba ku gamsu ba, kuma yau da dare za a baje ni a teburin mai shayi, wannan ya ce ƙarya nake, wancan ya ce ban taɓa riƙe miliyan ba shi ya sa, a yi ta shewa ana tafa hannu har a tashi. Ku ci gaba, na yafe. Sai dai in kun lura kun fi kowane lokaci na yinin nan nishaɗi, alhali ba wanda aka tura wa sisi, to hujjata kuke kafawa da bakinku. Wanda ya fi zagina shi zai biya kuɗin shayin, don binciken ya ce shi zai fi kowa jin daɗi.