Faifai a Ƙafa

Ranar Talata, tun ladan bai gama kiran assalatu ba, ɗan ƙanwata da ke karatu a Montiriyal ta ƙasar Kanada ya cika zauren iyali na WhatsApp da hotuna, ga shi nan tsaye bisa dutse cikin dusar ƙanƙara, gira ta yi fari fat, hanci na yoyo, ya dogara da sanduna biyu, ya kuma ɗaura wa kowace ƙafa faifai, sannan ya rubuta a ƙasa, "Kawu, ana shan iska." Yaron nan kuwa, Allah shaida, shi ne wanda in hunturu ya kama a Kano ba ya yarda ruwa ya taɓa shi sai uwarsa ta ɗora tukunya, kuma iyakacin zamansa a garin bai taɓa taka matakalar Dala ba, wai tana sa shi haki.

Faifan nan asalinsa abin larura ne. Mutanen farko na ƙasar, irin su Kiri da Ojibwe, su suka lanƙwasa itace suka saƙa shi da igiyar fata, domin nauyin mafarauci ya bazu, kada ya nutse har kwankwaso alhali iyali na jiran nama. Sai Turawan Montiriyal suka gani, suka kafa masa ƙungiya tun shekarun 1840, abin da wani ke yi don yunwa ya koma abin yi don ƙoshi. Na yanzu kuwa na ƙarfe ne, da haƙora a ƙasa saboda santsin ƙanƙara, ma'ana dai yaronmu ya biya kuɗi an sa wa faifai haƙora. Dutsen da ya hau, Mont Royal, tsayinsa mita 233 ne, a tsakiyar gari yake, bas ma na hawa samansa. Shi dai ya zaɓi ya tafi a tattale, ƙafa nan ƙafa can, don kada faifan dama ya taka na hagu.

Da la'asar na kai hoton zauren wani malami maƙwabcina, ina nufin ya taya ni takaici, sai shi kuma ya mayar da abin mas'ala. Ya daɗe yana duban faifan, sannan ya yanke cewa shafa a kansa ba ta inganta, domin sharaɗin huffi ya zama fata ce ɗinkakka mai rufe idon sawu, wannan kuwa duk huda ne. Wani almajiri ya tambayi taimama, malam ya jawo Muhtasar, ya nuna mana cewa Shaihu Halil ya lissafa ƙanƙara cikin abubuwan da ake taimama da su, hukuncin da magabatanmu suka haddace shekara aru-aru a ƙasar da ko ƙanƙarar shago sai an yi sa'ar wuta. Game da kasaru kuwa ya ce kada yaron ya sa rai, na farko dutsen bai kai baridi huɗu ba, na biyu tafiyar lahawu ce.

Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Watan jiya da aka nemi gudummawar maganin kakarsa, cewa ya yi rayuwa ta yi tsada a can, a yi masa addu'a. An yi masa, ta kuma karɓu, ga ta nan ɗaure a ƙafarsa. Na buɗe baki zan faɗi haka, sai almajirin ya sake tambaya, shin in liman ya ɗaura faifai, mamu ma sun ɗaura, yaya za a haɗa sahu? Malam ya ce a kawo sharhin Dardiri, kuma har aka kira magariba ba a kai ga tarjihi ba.