Yadda Ake Cin Gardamar "Ba A Doke Mu Ba" A Fadojin Diffa

Kafin ka buɗe baki, zaɓi wurin zama. Kada ka zauna kusa da mai dafa shayi, domin wanda ke jiran kofin farko ba ya musu da zuciya ɗaya. Kada kuma ka ɗauko zancen da rana a kasuwar tattasai, inda atishawa ke katse mutum tsakanin kalma da kalma. Bari sai bayan isha'i, an watso daga gidan kallo, ko an ɗauke wuta ana tsakiyar wasa, kowa na neman inda zai sauke haushinsa. A lokacin ne za ka ce, kamar suɓutar baki: "Ni dai har yau ban ga ƙungiyar da ta kama ƙafar Arsenal ta 2004 ba."

Idan kai ɗan Arsenal ne, jarinka duka sifiri ne, kuma ya ishe ka. Wasa 38 a gasar Firimiya ta kakar 2003/04, ba wanda ya doke su. Duk abin da aka ce maka, ka amsa da "sau nawa aka ci mu?" Jero Thierry Henry da ƙwallayensa 30, da Vieira, da Bergkamp, da Pires. Ajiye Nwankwo Kanu sai ƙarshe. A garin da naira ke yawo a aljihu ɗaya da sefa, sunan ɗan Najeriya zai jawo maka baƙin da suka tsallako daga Damasak, ko da 'yan Barcelona ne. Ƙara da cewa sun jera wasa 49 ba faɗuwa, amma kada ka kai ga na 50. Kowace fada tana da ɗan Manchester ɗinta, shi zai tuna maka: Old Trafford, Oktoban 2004, biyu ba ko ɗaya. Sai ka ce ai Rooney faɗuwar ganganci ya yi aka ba da fenariti, ka kalli gefe kamar an taɓo maka tsohon miki.

Abin da za ka binne da kyau shi ne canjaras 12. Wasa 26 suka ci, maki 90 suka tara.

Idan kuwa kai ne mai ja, a nan abincinka yake, kuma kada ka yi gaggawa. Nemi tsinken ashana ka yi lissafi a ƙasa, a gaban kowa. Wanda ya yi canjaras uku yana da maki uku, kuma "ba a doke shi ba". Wanda ya ci biyu aka ci shi ɗaya yana da maki shida. Tambayi manomin da ya wuni yana ban ruwa a bakin Komadugu wanne zai ɗauka. Zai ce ku rabu da shi ya gaji, amma zai nuna shida da yatsu. Daga nan ka kawo Chelsea ta Mourinho, wadda a kakar da ta biyo baya aka ci ta sau ɗaya tak, ta tara maki 95, ƙwallo 15 kacal suka shiga ragarta. Ka ɗora Manchester City ta 2017/18 da makinta 100. In abokin gardama bai fara gumi ba, fito da Perugia. Wannan ƙungiyar Italiya ta gama kakar 1978/79 ba a doke ta ba, da canjaras 19 cikin wasa 30, kuma AC Milan ce ta tafi da kofin. Ba wanda ya san Perugia a fadar, don haka faɗi sunan a hankali, kamar kana da dangi a can.

Ni a wurina mai ja ya fi gaskiya, ko da yake ɗan Arsenal ya fi daɗin saurare. Kammala kaka ba faɗuwa abu ne mai wuyar gaske, amma akwai hannun sa'a a ciki. A Satumban 2003 van Nistelrooy na United ya buga wa Arsenal fenariti a mintin ƙarshe, ƙwallo ta daki ƙarfen sama ta dawo. Da ta sauka ƙasa da faɗin tafin hannu, da yau ba mu da abin yi wa musu. A kakar nan kuma Inter ta zo har Highbury ta zura musu uku, United ta fitar da su daga kofin FA, Wayne Bridge na Chelsea ya sallame su daga gasar Zakarun Turai. An ci su sarai, a wasu gasanni ne kawai aka rubuta.

Ɗan Arsenal mai wayo zai gudu filin kokowa idan wuta ta yi wuta. Zai ce ai a gasar takobi ta ƙasa wanda aka kayar sau ɗaya ya fita daga sahun masu neman takobi, kuma da idonmu muka ga Issaka Issaka na Dosso ya ɗauka a nan Diffa a gasar da aka buɗe a Disambar 2022. Hujja ce mai kyau, ka yaba masa. Sannan ka ce: "Yaya, jama'ar da suka cika filin nan, tsayuwa suka je kallo ko kaye?"

Akwai makamai biyu da kowane ɓangare zai iya ara. Na farko Bayer Leverkusen ta Xabi Alonso da Victor Boniface: kakar 2023/24, ci 28, canjaras shida kawai, wasa 51 ba faɗuwa a dukkan gasanni, har Ademola Lookman ya zura musu uku shi kaɗai a wasan ƙarshe na kofin Europa a Dublin. Na biyu ASEC Mimosas ta Abidjan, wadda ta jera wasa 108 na gasar ƙasarta ba a doke ta ba tsakanin 1989 da 1994. Idan aka ce ai wannan gasar Afirka ce, ka tambaya daga wace ƙungiya Arsenal ta sayo Kolo Toure.

Idan ka ga kana nutsewa, kada ka ɗaga murya, sauya ma'auni. An kawo maki, ka koma kyawun wasa. An kawo kofuna, ka ce kuɗin attajirai ne. Yaron da aka haifa bayan 2004 ka tambaye shi a wane gidan kallo ya ga wasan. In kai Babarbare ne shi Bafulatani, ko akasin haka, ka huta, sai ka juya zancen ya koma wasan taubasai, ba wanda zai ce ka gudu.

Haɗari ɗaya ne ba shi da magani, wato ɗan Real Madrid da zai iso a makare, ya karɓi kofi na uku, ya fara ƙirga kofunan Turai har na 15 da suka ɗauka a 2024, yatsun hannu su ƙare ya cire takalmi. A nan ku manta da saɓaninku, ku haɗu ku tambaye shi ko Madrid ta taɓa gama kaka ba a doke ta ba. Ta taɓa, a 1931/32, lokacin da gasar Sifaniya wasa 18 ce. Shi bai sani ba, kada wanda ya gaya masa.