Giyar Sitiyari a Hanyar Seru

Duk wanda ya bi titin Paraku zuwa Jugu, ya ratsa ta Seru, zai iya cin karo da tsohuwar Fijo 404 akori-kura, maƙare da doya, tana nishi. Tun 1960 Faransa ta fara ƙera 404, amma ba wanda ya sanar da wannan cewa ta kai ritaya.

Sandar giyarta a jikin sitiyari take. Turawa sun yi haka don ƙafar fasinja ta sake. Direbobinmu suka ga fili ya samu, suka ƙara mutum biyu a gaba. Giya huɗu ce da ribas, sai dai shekaru sun cinye ƙarafan da ke haɗa sandar da giyabos. Yanzu direba sai ya taka kuloci, ya jawo sandar, ya girgiza ta, ya yi bisimilla, kana ta biyu ta amsa.

Wata rana wani matashi ya karɓi tuƙi yana laluben giya a ƙasa, ya damƙi gwiwar wani dattijo.

"Yaro, wannan ba ta shiga ribas," in ji dattijon.

In ka samu gaba, malam, zauna ta bakin ƙofa.