Masu falsafa ba su ja guga a Rumbu ba

Duk yaron garin Rumbu na ƙasar Dakoro da ya kai ajin ƙarshe na lise, sai ya dawo hutu da Descartes a baka. Wai Bafaranshen nan, a littafinsa na 1637, ya yi shakkar komai, har da jikinsa, tunaninsa kaɗai ya tabbatar masa yana nan. To, a ɗaki mai ɗumi ya zauna lokacin sanyi a Jamus ya soma wannan tunani, ciki a cike. Da an miƙa masa igiya a bakin rijiyar ƙasar Dakoro cikin bazara, kafin guga ya leƙo waje, kafaɗa ta gaya masa yana da jiki.

Shi kuwa Diogenes na Girka, an ce ya yar da moɗarsa da ya ga yaro na shan ruwa da tafin hannu. Madalla. A nan jaki ko raƙumi ke jan igiyar, ya yi nisa har ka fara tunanin ko ya gudu ne. Diogenes ya zo ya zura tafin hannunsa mu gani.

Ni Abubakar Imam na fi yarda da shi. A Ruwan Bagaja, wanda ya fito a 1934, tauraron labarin, Alhaji Imam, ya sha yawo da wuya da sharrin Malam Zurƙe, duk don ya samo ruwa. Wannan marubucin ya san abin da ake bari gida dominsa. Sai dai Alhaji sau ɗaya ya ɗebo, aka yi masa littafi. Matan Rumbu kullum suke ɗebowa.