Dashen Tsohon Icce

Kamiliya, 'yar'uwar ganyen shayi, inuwa take so da ƙasa mai danshi. A rairayin Tsibiri, kusa da Maradi, sai dai a yi mata ta'aziyya. Amma dokar dashenta ɗaya ce da ta mangwaron fadama: ƙarami a ciro shi da ƙasarsa cikin damana, ya kama, babba kuwa, da an datse saiwarsa sai ya yi fushi ya kakkaɓe ganye. Wani zai ce ai Maradi ma da tsufanta aka tashe ta daga kwari bayan ambaliyar 1945, ta kuma kama. Haka ne, sai dai Maradawa da ƙafarsu suka hau tudu. Icce kuwa, tun 1983 masanin noma Tony Rinaudo yake lallashin manoma su bar kututture inda yake, su rage masa toho kawai.