Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hajiya Kwamfutar Shagonmu

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, da tambayar gajiya, ko da yake ke ce kike gajiyar da mu. Na zaɓi in rubuto miki da biro a takarda ne, domin in na ce zan buga wasiƙar a jikinki, ba ni da tabbacin za ki bar ni in kai sakin layi na biyu da zarar kin ga ƙararki nake yi.

Hajiya, me muka yi miki? Tun safe a buga miki takardar neman aiki, a cike fom ɗin JAMB, a kalli wa'azi, ba ki taɓa ko tari ba. Amma da zarar yara sun dawo daga Islamiyya sun biya kuɗin wasan ƙwallo, an shiga minti na tamanin, mai Barcelona yana gaba da ci ɗaya, sai ki ɗauke ɗif. Allo ya yi baƙi, fanka ta yi shiru, can kuma ki sake tashi da tambarinki kamar ba ke ba. Wanda ake ci ya yi hamdala, mai ci ya riƙe mini wuyan riga. Shari'ar da nake yankewa a shagon nan saboda ke, ko a fadar Yandoton Tsafe sai an ɗaga zama.

Mutane sun faɗi albarkacin bakinsu. Mai shayin bakin titi ya ce iska ce ta shige ki, a yi miki hayaƙin habbatussauda. Wani dattijo ya leƙo ya ce, “Wanga abu ai ishara ta, yara su koma ga allo.” Yaran kuwa sun haƙiƙance ke 'yar Madrid ce. Na yi miki adalci, na lura ko Madrid ke ci kina ɗaukewa, saboda haka wannan zargin na wanke ki.

Da abin ya ishe ni sai na kirawo wani ƙanena da ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Gusau. Ya buɗe kundin da Windows ke rubuta duk abin da ya same ki, ya nuna mini wani layi mai jan tambari, Kernel-Power, lamba 41. Na gyara zama, na ce yau asiri ya tonu. Ya ce, “Yaya, ma'anarsa kawai ta mutu ba tare da an kashe ta yadda ya kamata ba.” Wato an kira ki ba da shaida, kin rantse, sannan kin faɗa mana abin da kowa ya gani da idonsa. Duk da haka ya ce akwai abin dubawa. Ya cire umarnin da ke sa ki sake tashi da kanki idan manhaja ta rikice, domin in laifin manhaja ne ki tsaya ki nuna shuɗin allo mai bayani. Aka sa wasa. Kika ɗauke, babu shuɗi babu bayani. Ya ce to, zance ya koma kan ƙarfe: ko zafi, ko wuta.

Aka kwance murfinki. Hajiya, ban so in tona miki asiri a bainar jama'a ba, amma abin da muka tarar ya wuce a yi shiru. Duk hazon hunturun da ya taso daga Sahara ya ratsa Zamfara, da ƙurar manyan motocin da ke bin hanyar Funtuwa zuwa Gusau ta gaban shagon nan, ashe a cikinki suke sauka. Ƙura ta dunƙule a haƙoran ƙarfen da ke tsotse zafin furosesa har iska ba ta ratsawa, man da ake shafawa tsakaninsu ya bushe ya zama ɓawo. A nan kam na tausaya miki. An ƙera ki ne domin ofis mai na'urar sanyaya ɗaki a Turai, kika gama aikinki, maimakon fansho sai aka loda ki a jirgin ruwa zuwa Legas, daga can Kano, daga Kano sai ƙarƙashin kwanon rufi a Tsafe, inda a watan Afrilu zafi ke haura digiri 40 a inuwa. Furosesa kuwa idan ta doshi digiri 100 sai ta rage gudu, in abin ya ƙi ta kashe kanta don kada ta ƙone. Aka hure ki tas, aka sa sabon mai, aka ɗauke ki daga ƙasa aka ɗora kan benci nesa da bango. Ma'aunin zafi ya sauko sosai. Muka yi murna, har na sayi lemo.

Washegari kika ɗauke.

Aka zare ram ɗinki, aka goge bakinsu, aka gwada su ɗaya bayan ɗaya, aka bar manhajar gwaji tana bin su dare guda. Lafiyarsu lau. Aka sabunta direban katin hoto. Shi ma ba shi ba ne.

Saura wuta, kuma a nan ne labarin ya yi tsawo. A takarda, wutar ƙasar nan bolt 230 ce. Abin da ke isowa soket ɗinmu kuwa ya danganta da ko mai walda na bayan layi ya kama aiki, ko mai ƙanƙara ya kunna firizarsa. In an ɗauke, sai ƙaramin janareta, wanda ke sauya murya duk lokacin da wani ya jona dutsen guga. Sitabilaiza tana daidaita hawa da sauka, amma ba ta riƙe ki ko na ƙiftawar ido idan wutar ta yanke. Wannan aikin UPS ne mai batir. Muka aro ɗaya. Ɗaukewar ta ragu, amma ba ta ƙare ba, kuma abin da ya rage duk a tsakiyar wasa yake faruwa, ko da fitilar shago ba ta ko girgiza ba.

Sai ƙanena ya haska tocila a kan akwatin wutar cikinki, wanda masu gyara ke kira fawa-fak, ya karanta takardar jikinsa. Ƙarfinsa bai kai wat 300 ba. Katin hoton da wanda ya sayar mini da ke ya cusa miki, GTX 1060, shi kaɗai yana jan wat 120 idan wasa ya yi zafi, kuma kamfanin da ya yi shi cewa ya yi a haɗa shi da akwatin wat 400. Mutumin ma da wata 'yar wayar dabara ya jona shi, don akwatin naki ba shi da bakin da ya dace. Jaki ne aka ɗora wa kayan raƙumi: a fili yana tafiya, da an zo hawa sai ya durƙusa. Buga takarda fili ne. Filin wasa mai 'yan kallo dubbai, da ciyawa, da inuwa, da ruwan sama, shi ne hawan. Ga tsufa kuma, domin ƙananan tulunan da ke tara wuta a cikin akwatin zafi na cinye ƙarfinsu shekara bayan shekara. Biyu ma har sun kumbura. Da katin ya nemi wuta da yawa lokaci guda, sai akwatin ya yanke don kare kansa. Aka aro wani mai wat 500 aka jona miki, yara suka yi gasa tun la'asar har aka kira isha, ko gezau.

Saboda haka ga sulhun da na zo da shi. Na ba direban motar Kano saƙo ya biya titin Beirut ya sayo miki sabon akwatin wuta, mai nauyi a hannu, ba irin na gwangwanin da ake rubuta wa ƙarfin ƙarya ba. UPS sai bayan an sayar da waken bana. Hurar ƙura duk ƙarshen wata, a lokacin hunturu kuma duk sati biyu. Daga azahar zuwa la'asar a watannin bazara kina hutu, kuma na hana yara ɗora kofin kunun aya a kanki.

Abin da nake nema a wurinki ɗaya ne: ki bari alƙalin wasa ya busa tashi. In kuwa bayan duk wannan kika sake yi mini irin ta da, ƙanena ya ce saura uwar allon cikinki, ni kuma kuɗina bai kai can ba. Zan zare katin hoton in sayar, in miƙa ki ga masu buga takardu na kusa da sakatariyar ƙaramar hukuma, ki ƙarasa rayuwarki kina buga takardar shaidar zama ɗan ƙasa da katin gayyatar ɗaurin aure.

Ki huta lafiya, amma ba a tsakiyar wasa ba.

Naki mai haƙuri,
Mai shagon gem, bakin hanyar Gusau, Tsafe.