Tsaki da 'Yan Uwansa a Garin Lafiya

A bakin titin Shendam da ke garin Lafiya, wanda ke son tsayar da Keke Napep ba ya sallama, ba ya kuma ɗaga murya. Haƙora yake haɗewa ya saki iska: "Sssss!" Illar wannan kira ita ce ba shi da adireshi. Mai keke zai taka birki, ɗan acaɓan da ke bayansa ya waiwayo, yarinya mai tallan ruwan leda ta rugo da bokiti a ka, mai yankan farce ya daina kaɗa almakashi, har wani Alhaji da ke bin bashi ya juyo ko Allah ya kawo mai biya. Mutum ɗaya ya yi kira, biyar sun amsa, huɗu kuma za su koma inda suka fito da tsaki.

Lafiya gari ne na bakuna da yawa. Wani Babarbare mai suna Dunama ne ya kafa ta, shi ya sa ake mata laƙabi da Lafiyar Barebari, kuma tun da aka cire Jihar Nasarawa daga Filato a 1996 aka mai da ita babban birni, jama'a ke ta kwararowa. Ga Eggon, ga Alago, ga Gwandara, ga Migili, ga Tibi da Fulani da Ibo. Da Hausa ake ciniki, da Turanci ake cike fom. Amma ko baƙon da Hausarsa ba ta wuce "nawa ne" ba, da tsakinsa ya sauka a tasha, cikakke, ba gyara.

Malaman Turanci a sakandare suna da darasi guda a kan kalmomin da ke kwaikwayon sauti. Malam zai jera su a allo: hiss na hucin maciji, buzz na kukan ƙudan zuma, fizz na kumfar lemon kwalba, whizz da zoom na abin da ya gifta da gudu. Ɗalibai su kwafa, su haddace saboda jarrabawa. Sai dai a Turancin Nijeriya tuni an raba maciji da kalmarsa an bai wa mai tsaki. In marubucin Nijeriya ya ce matar gida ta yi hiss, ba wanda zai nemi sanda, kowa ya san kuɗin cefane ne bai kai ba. Alhali abubuwan ma hannun riga suke: maciji fitar da iska yake, mai tsaki kuwa zuƙo ta yake ta tsakanin haƙora.

Ita zoom ta fi ban tausayi. Kalmar gudu ce, aka raɗa wa manhajar kamfanin da wani injiniya mai suna Eric Yuan ya kafa a Amurka a 2011. Da annobar korona ta zo a 2020, sai ta zama sunan taron da ya fi kowane taro jan ƙafa, inda ake cinye rabin sa'a ana "Kuna ji na?" kafin a gano shugaban taron ne bai buɗe makirfo ba.

Bahaushe dai bai taɓa rasa irin waɗannan kayan ba. Mota ta wuce fyuu, ruwa ya zubo shaa, jama'a sun yo caa, tsuntsu ya tashi fir. 'Yan shekarun nan ma samari sun ɗauki "wuf" sun kai ta fagen aure, kowa na shirin yin wuf da wata, ko da lefen sai ya shekara uku a hanya. Amma duk cikinsu babu wanda ya kai tsaki daraja, don shi kaɗai ne ake ja, ake bugawa, ake dokawa, ake kuma saki, kowanne da gurbinsa.

Akwai ɗan guntun tsaki na mai sayayya. A kasuwa aka faɗa masa kuɗin ƙwaryar doya, sai ya yi shi a taƙaice, ya juya kamar zai tafi, ƙafa ɗaya na gaba kunne ɗaya na baya. Wannan ba fushi ba ne, tayi ne, kuma mai doyar ta sani. Akwai dogon tsaki na uwargida, wanda ake farawa daga bakin murhu a ƙarasa a ƙofar ɗaki, da harara a matsayin rakiya. Ba a ambaci sunan kowa ba, amma amarya ta karɓi saƙo. Sai tsakin gayya, na gidan kallon ƙwallo, lokacin da aka ɗauke wuta ana shirin buga fenareti. A farkon 2023, da aka shiga ƙarancin takardun naira, layin cirar kuɗi ya zama makarantar wannan fanni: na'ura ta ce babu kuɗi, sai tsaki ya tashi daga na gaba ya bi layi ɗaya bayan ɗaya har ya isa ga na ƙarshe, wanda bai ma san abin da ya faru ba tukuna. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun shekarar, sai ajin ya koma gidajen mai.

Kada a ɗauka abin namu ne mu kaɗai. Bayin da aka kwashe daga Afirka ta Yamma sun haye teku da shi a baki, tun da ba kaya ba ne balle a ƙwace. A 1976 masana harshe John da Angela Rickford suka wallafa nazari a kan tsaki da harara a ƙasar Guyana, suka danganta su da Afirka. A Tirinidad sunansa steups, a Faransa tchip, kuma a 2015 wasu makarantun Faransa sun hana ɗalibai yin sa a aji. Da a Lafiya aka kafa wannan doka, da malamin da zai karanta sanarwar ne zai fara karya ta, in ya tuna ranar albashi.

Waya ma ba ta tsira ba. Masu rubuta littattafan soyayya da masu hira a WhatsApp sun sama masa haruffa, wasu "mtsw", wasu "mtcheew", kuma yawan harafin ƙarshe shi ne ma'aunin ɓacin rai. Saurayin da aka aiko wa mai wutsiya bakwai, ya fara neman kuɗin kati.

Abin da ya fi ban sha'awa shi ne yadda tsaki ya san na gaba da shi. Gangara yake bi, ba ya hawa tudu. Yaro ya kuskura ya yi shi a gaban mahaifiya, nan take za a ji, "Kai, wa kake wa tsaki kamar tsaka?" Amsar kuwa ɗaya ce a kowane gida: "Wallahi Inna nama ne ya maƙale mini." A gidan da rabonsu da nama tun Babbar Salla.

Yaron nan shi ne ya girma ya zama ma'aikacin gwamnati. Oga ya miƙo masa fayil ƙarfe huɗu saura kwata, ya rusuna ya ce, "An gama, ranka ya daɗe." Tsakin na nan, ya riƙe shi a kumatu. Ya sauko da shi daga bene, ya wuce da shi gaban sakatariya, ya gaisa da masinja da ka kawai don kada ya zube, har ya kai gindin bishiyar da ake ajiye motoci. Nan ya dubi gabas ya dubi yamma, ya ja shi tun daga tushe. Sai gilashin motar da ke kusa ya sauka a hankali, direban oga ya leƙo ya ce, "Malam, lafiya dai?" Malam ya shiga laluben aljihu, wai tsinken sakace yake nema.